Naman da Ba a Yanka Ba

Wata bakwai na yi ina ajiye da wani kwali a ƙarƙashin gadona, kuma duk mai shirin ce mini in yi haƙuri, ya bari tukuna ya ji abin da ke cikinsa. Ina rubuta wannan ne saboda matan da ke jinyar mai hawan jini a gida, kada a shigo musu da abin da aka shigo mini da shi. Ina kuma rubutawa don in huce, ba zan ɓoye ba.

Maigidana mahauci ne, ɗan mahauta. A kwatar Kontagora babu wanda bai san hannunsa ba. Kafin wani ya feɗe akuya ɗaya ya gama biyu, kuma fata ba ta hujewa a hannunsa. Shekara ashirin da uku ke nan da aka kawo ni gidansa daga Salka, ban taɓa ganin ya ci tuwo babu tsoka a kai ba. Da safe kayan ciki, da rana romon ƙashi, da yamma abin da ya rage a tebur.

Bayan Mauludi da 'yan kwanaki babban yatsan ƙafarsa ya kumbura, ya yi jajir, ko gefen zani ya taɓa wurin sai ya cije leɓe. Inna, mahaifiyarsa, wadda ke zaune a sashen da ke jikin namu, ta ce sanyi ne. Sati guda muka yi muna gasa ƙafar da ruwan ɗumi muna shafa man zafi, abu sai gaba yake yi. A sati na biyu na matsa masa muka tafi asibitin gwamnati. Mun isa gari bai gama wayewa ba, muka tarar layin kati ya kai gindin darbejiyar bakin ƙofa. Sai bayan azahar muka ga likita, wani matashi da gajiya ta cika masa ido, amma ya saurare mu, Allah ya saka masa.

Ya ce ciwon yatsan sunansa gawut, kuma ba shi ne ya tayar masa da hankali ba. Jinin maigida ne ya hau sosai. Ya rubuta ƙwaya, ɗaya kowace safiya babu fashi. Ya ce a bar kayan ciki gaba ɗaya, a rage jan nama, a janye hannu daga gishiri da dunƙule.

Maigida ya ce, "Likita, ni fa mahauci ne."

Likita ya ce, "Na sani, Baba. Shi ya sa."

Sati na uku gidan ya ƙi daɗi. In na kawo miyar kuka babu nama sai ya juya cokali a ciki kamar mai neman abin da ya faɗa rijiya, ya ture. Na kawo kifi, ya ce shi ba Basarke masunci ba ne. Na soya awara, ya ce abincin 'yan makaranta ne. Mutumin da dariyarsa ke kaiwa bakin titi ya koma faɗa da kowa, har da kaji.

A nan Bala ya shigo. Bala ƙanen maigida ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi kaɗai ne a gidansu ya ƙi wuƙa. Ya sayar da katin waya, ya sayar da turare, a ƙarshe ya buɗe shagon abin da yake kira kayan lafiya, yana saro su daga Abuja. Ya rataye farar riga a ƙusa, mutane suka fara ce masa Dakta, bai taɓa gyara wa kowa ba. Tsakanina da shi akwai wasan nan na ƙanen miji da matar wa. Yana ce mini 'yar Salka, ina ce masa Dakta ba allura, kuma duk abin da ɗayanmu ya yi wa ɗaya, mutanen gida dariya suke yi.

Ya dire kwali a tsakar gida, ya zaro wata leda mai sheƙi da hoton tsire a jiki.

"Yaya, kukanka ya ƙare. Nama ne wannan, amma ba a yanka komai ba. Da waken suya aka yi shi."

Na farke ledar. Wasu busassun gutsattsari ne masu launin ƙasa, marasa nauyi kamar busasshen burodi, an riga an turbuɗe su da kayan ƙamshi. Bala ya tsuguna a bakin madafa yana koya mini. In jiƙa da ruwan zafi har su kumbura, amma kada in kuskura in zubar da ruwan jiƙon, domin a cewarsa maganin yana cikin ruwan. Da shi zan yi miya, in kuma ɗibi kofi guda in ba maigida kowace safiya a matsayin romo.

Na lashi ruwan, gishiri ya kama mini harshe. Na ce, "Bala, abin nan fa gishiri ne zalla."

Ya yi dariya. "Kin ji 'yar Salka. Gishirin ganye ne, ba irin naku na kasuwa ba. Shi ke wanke jini."

Akwai rubutu a bayan ledar, ƙanana-ƙanana da Turanci. Ni bokona a Hausa ya tsaya. Laifina a cikin wannan labari shi ne na yarda, kuma na yarda ne saboda a ranar maigida ya cinye tuwonsa tas ya nemi ƙari.

Ba yabon kai ba, na iya abin. Na gano in aka matse shi aka soya a man gyaɗa har gefensa ya yi ƙarau, aka birkiɗa shi a yajin ƙuli, aka jera a tsinke, sai ka rantse tsire ne. A miyar taushe kuwa yana tsotse miya kamar soso. Maigida ya ce haƙori ya san ba nama ba ne, don babu jijiya babu kitse, amma harshe ya yarda. Sau uku yake ci a rana, ga kofin romo da safe. Ban taɓa ƙara gishiri ko dunƙule a tukunyarsa ba, ko sau ɗaya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Cikin sati na biyu da fara cin abin sai ƙishirwa, ya sha ruwa ya sake sha. Ƙafafunsa suka yi nauyi, takalminsa ya ƙi shiga. Sai ciwon kai a ƙeya, sai jiri in ya miƙe. Na aika aka kira Bala. Ya dubi yayansa sama da ƙasa, ya gyaɗa kai kamar wani babban likita, ya ce cutar ce take fita, a ci gaba.

Ranar wata Talata da hantsi maigida yana zaune a tsakar gida yana wasa wuƙaƙensa, ina tankaɗe a gefe. Sai na ji ƙarar ƙarfe a siminti. Na ɗago, na ga wuƙa a ƙasa, hannunsa na dama ya zube a cinyarsa, bakinsa ya karkace, yana kallona yana son magana ta ƙi fita. Ban san lokacin da na fita titi babu mayafi ba, na tare mai keke.

A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ne. Likitan nan dai ya tambaye ni ko yana shan maganinsa. Na ce kullum da hannuna nake ba shi. Ya dube ni, na ga bai gamsu ba. Washegari da na koma gida ɗebo kaya, na ɗaga jakar wuƙaƙensa zan rataye, wani ƙullin leda ya faɗo. Ƙwayoyin ne, na sati uku cif. Ashe in na ba shi sai ya riƙe a kumatu, in ya fita ya tofar a hannu ya adana. Na kai masa ƙullin har gadon asibiti na nuna masa, na ce wa ya sa ka? Ya daɗe yana kokawa da harshensa, hawaye na bin gefen da ya karkace, sannan ya ce, "Ba-la."

Ina can ina juya mutum, ina wanke shi, ina ɗura masa kunu da cokali, ina kwana a tabarma a barandar asibiti, ashe Bala ya riga ni zuwa wurin Inna. Ya ce mata kayansa lafiyayyu ne, ni ce na ɓata su da dunƙule, wai dama matan ƙauye hannunsu da nauyi a gishiri. Magana ta zaga dangi. Inna ba ta zage ni ba, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ta fara aiko wa ɗanta abinci daga gidan Bala, kuma daga ranar ta daina cin duk abin da ya fito daga tukunyata. In na kai mata kwano, da yamma in tarar da shi a bakin ƙofa yadda na rufe shi. Shekara ashirin da uku ina dafa wa tsohuwar nan.

Masu dubiya kuwa kowa da nasa. Wannan ya ce iska ce ta buge shi a kwata, wancan ya ce wani abokin sana'a ne ya yi masa jifa. Aka kawo rubutu, aka kawo tafarnuwa a zuma, aka kawo wani mai da ko kuda ba ya sauka a kansa saboda wari. Na karɓa duka na yi godiya, don wasunsu daga nesa suka zo, kuma da zuciya ɗaya suka kawo. Rubutun na ba shi, sauran na tura ƙarƙashin gado.

Wadda ba zan manta da ita ba wata nas ce da muke kira Sista, Kirista, 'yar Dukku, mai faɗa kamar me amma hannunta da taushi. Ita na kai wa ledar na ce ta karanta mini bayanta. Ta sa tabarau, ta bi rubutun da yatsa, ta tsaya a kan wata kalma.

"Kin ga wannan? Sodiyam. Gishiri ke nan. Abin da ke cikin nan ko mai lafiya bai kamata ya ci kullum ba, balle mijinki. Ga shi ma sun rubuta, a jiƙa, a matse, a zubar da ruwan."

Na ce, "A zubar?"

"A zubar. Me kuka yi da shi?"

Na gaya mata. Ta cire tabarau ta daɗe tana kallona. Daga baya ta ce abin ba guba ba ne, akwai irinsa fari wanda ba a sa wa komai ba, in aka wanke aka dafa babu gishiri yana da amfani ga mai irin ciwon maigida. Amma abinci ne, ba magani ba, kuma duk wanda ya ce wa mai hawan jini ya ajiye ƙwayarsa, hanyar kabari ya nuna masa.

Sati uku muka yi aka sallame mu, muka koma zuwa asibiti gashin ƙashi sau biyu a sati. Keken ɗinkina ya tafi, awakina biyu suka bi bayansa. Ƙafa ce ta fara dawowa, a wata na biyu ya taka da sanda. Harshe ya biyo baya a hankali. Hannun ne ya ƙi. Na ɗinka masa ƙwallon tsumma yana matsawa, na riƙa zuba masa wake a faranti yana ƙoƙarin tsinta ɗaya-ɗaya, yatsun na rawa waken na zamewa. In ya ji maƙwabcinmu na wasa wuƙa sai ya juya fuska bango.

Da magana ta zauna a bakinsa na ce ya gaya wa Inna gaskiya. Ya ce, "Ki bar shi. Ɗan'uwana ne, kuma tsohuwa ba za ta iya ɗauka ba."

Na ce, "Ni ce zan iya ɗauka ke nan?"

Ya kau da kai. Na ce na ji. Ban ce na yarda ba.

Duk ranar gashi ina tafe da ledar nan a jakata, in muka zauna a layi in fito da ita in nuna wa mata, in faɗa musu abin da Sista ta karanta. Na ji labarin ciniki ya ja baya a shagon Dakta, na ji daɗi, amma bai ishe ni ba. Kwanon Inna yana nan yana dawowa a rufe. Shi kuwa Bala yana zuwa dubiya da lemo a leda, yana ce mini 'yar Salka kamar babu abin da ya faru, ina amsa masa da dariya. Ana cikin haka matarsa, baiwar Allah mara ɓoye-ɓoye, ta sako mini wani zance a wurin suna. Wai tun da yayansa ya faɗi tsoro ya kama Bala, ya je a ɓoye aka gwada shi, aka ce shi ma jininsa ya hau. Yanzu kullum da safe sai ya haɗiyi ƙwaya, irin wadda ya hana yayansa, kuma ya kafa mata doka a kan gishiri. Ranar na dawo gida na leƙa ƙarƙashin gado na gaida kwalina.

A gidan su maigida akwai al'ada ranar Babbar Sallah. A tsakar gidanmu ake taruwa, shi yake yanka ragunan 'yan'uwa duka ya feɗe, sai a fara gasa hanta, matar babban wa ta raba wa maza, kowa da kwanonsa, babu mai taɓa wani nama sai an ci wannan. Bana wani ɗan baffansu ne ya yi yankan, maigida na zaune a kujera, hannunsa a cinya, yana kallon yadda ake huda fata. Rabon hanta dai nawa ne, wannan ko Inna ba ta isa ta karɓe ba.

Tun ana jibi Sallah na kai wa Sista leda ɗaya ta duba mini ko kwanan watanta ya wuce, ta ce da saura. Ba kashe shi nake son yi ba, bakinsa nake son ya buɗe. Da aka sauko daga idi na ja kujerata gaban Inna, inda take zaune a inuwa tana jan carbi, na hura gawayi a nan. A kan idonta na farke leda, na jiƙa, na dafa a cikin ruwan jiƙon, na tsiyaye kofi guda. Na ce, "Inna, kina gani ko? Ban sa komai ba." Ta ce tana gani, ta ɗauke kai.

Na jera wa maza kwanoni. Na maigida farin waken suyan nan ne marar gishiri, da 'yar hanta kamar kan yatsa don albarkar rana. Bala ya buɗe nasa yana murmushi, murmushin ya tsaya. Aka leƙa, aka kwashe da dariya, kowa ya ɗauka wasan da muka saba ne.

Na ce, "Dakta, kai da ka san lafiya, ai ba zan ba ka hanta ta toshe maka jini ba. Ga naka na musamman. Ga romon ma, ka san maganin yana cikin ruwan."

Ya yi yaƙe. "To 'yar Salka, kin ci wasan. Kawo hantata."

"Babu. Yau da gobe da jibi wannan ne naka, kuma akwai sauran kwali."

Ya waiga yana neman mai cetonsa, amma wa zai shiga wasan ƙanen miji da matar wa? Inna ce ma ta ɗago daga inda take, da zuciya ɗaya, ta ce, "Ci mana, Bala. Ba kai ka ce magani ba ne?"

Ya ɗauki ɗaya ya sa a baki. Na ga maƙogwaronsa ya yi sama ya yi ƙasa. Ya ɗauki kofin, ya kai leɓe, ya ajiye. Gumi ya keto masa a ƙarƙashin sabuwar hularsa.

Ya ce, "Inna, gishirin ya yi yawa. An hana ni."

Dariya ta ɗauke. Inna ta ce, "Wane gishiri? A gabana ta dafa, ba ta sa komai ba. Kuma wa ya hana ka?"

Ya share gumi da bayan hannu. Na kwance bakin zanina, na ciro ƙullin ƙwayoyin nan na sati uku, na ajiye a gefen kwanonsa. Ni dai na gama nawa.

Sai na ji kujerar maigida ta yi ƙara. Ya sunkuyo, ya ɗaga hannun dama, hannun da wata bakwai bai ɗauki ko cokali ba. Yana rawa, yatsun a lanƙwashe, ya kai shi jikin kofin, ya tura shi a kan tabarma kaɗan-kaɗan har ya taɓa gwiwar ƙanensa. Romon na zuba a gefe, babu wanda ya motsa ya taimaka masa.

Ya ce, "Sha. Ni sati uku na sha. Kai ka ce in ajiye ƙwaya."

Bala ya sunkuyar da kai, ya fara wata magana ƙasa-ƙasa, wai shi ma haka wanda ya sayar masa ya ce, wai bai karanta bayan ledar ba. Inna ta miƙe da ƙyar, ta dogara sandarta ta zo, ta tsoma yatsa a kofin ta lasa, ta tofar. Ta daɗe tana kallon ɗanta ƙarami. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Ina tawa hantar?" Na kawo mata. Ta zauna a nan cikin maza, abin da ba ta taɓa yi ba, ta cinye tas, ta miƙo mini kwanon a buɗe.

To ga abin da zan ce wa mata 'yan'uwana. Naman leda ba laifi ba ne, har yau ina dafa wa maigida farin, kuma yana ci. Amma kafin ki sa komai a tukunyar mara lafiya, ki kai wa wanda ya iya karatu ya karanta miki bayan ledar, kada kunya ta hana ki. In harshenki ya ce gishiri ne, to gishiri ne. Ƙwaya kuwa ki tsaya a kansa har ya haɗiye, ki ce ya buɗe baki, ko da mijinki ne.

Bala ya sauke farar rigar daga ƙusa, ya koma sayar da turare. Bayan Sallah da kwana uku Inna ta kira ni ɗakinta, ta riƙe hannuna, ta nemi in yafe mata, na yafe nan take. Sai ta ce shi ma yaron in yafe masa, jini ɗaya ne da 'ya'yana. Na ce, "Inna, zan yafe masa ranar da hannun nan ya riƙe wuƙa ya feɗe rago."

Jiya da safe maigida ya tsinci wake goma sha ɗaya kafin yatsun su gaji. Wuƙa har yanzu ba ta zauna a hannunsa ba, kwalin kuma yana nan inda yake.